Gwanin Buga Ƙwallo da Gwanin Koyar da Ita

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wani kuskure da muke yi a sha'anin ƙwallon ƙafa, ni ma sai da na faɗa cikinsa kafin na gane. Muna zaton duk wanda ya gwanance wajen bugu, to, ya iya koyarwa ke nan.

Bara na gurɗe a gwiwa, aka hana ni wasa har wata uku. Da malamin wasanni ya ga kullum ina zaune a bakin fili, sai ya ba ni 'yan aji ɗaya in riƙa koya musu. Na yi murna ƙwarai, domin a Ɗan Isa duk wanda ya san ni ya san ƙafata ta hagu. Ranar farko na ce wa wani yaro, "Kai, tare ta da ƙirji mana!" Ya ce, "Yaya, ƙaƙa ake yi?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Ashe abin da jikina ya iya, bakina bai iya bayaninsa ba. Na koma yi musu tsawa, kafin mako ya zagayo rabinsu sun gudu.

Da na bincika, sai na tarar manya ma sun sha wannan kunya. A Ingila an yi wani gwani, Bobby Charlton, wanda ya ci Kofin Duniya a 1966. A 1973 ya bar Manchester United, a shekarar kuma aka ba shi riƙon kulob ɗin Preston. Shekara guda kulob ɗin ya faɗo daga rukuni na biyu zuwa na uku. Shi kuwa Brian Clough, ciwon gwiwa ne ya raba shi da wasa tun bai kai shekara 30 ba. Ya fara koyarwa a 1965 a Hartlepools, can rukuni na huɗu inda ba kuɗi ba suna. Sannu a hankali ya hau, har ya ci Kofin Turai da Nottingham Forest a 1979 da 1980.

Mu dawo gida. Manu Garba, ɗan Arewa, mataimaki ne ga marigayi Yemi Tella lokacin da yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci Kofin Duniya a 2007. Ya yi haƙuri, sai a 2013 ya ja ragama da kansa, yaransa suka ci Meziko 3 da 0 a wasan ƙarshe a Abu Dhabi.

Wani zai ce, to ai Stephen Keshi gwani ne, kuma ya ci Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ci yana koci a 2013. Gaskiya ne. Amma a ƙidaya shekarun da ke tsakani, 19 ne cif. A cikinsu ya yi mataimaki a gida, ya koyar a Togo da Mali, an ɗauke shi an sallame shi. Ko a makarantar allo, ai gardi sai ya daɗe yana biya wa ƙolo karatu a gaban malam kafin a ce ya buɗe tasa tsangayar.

Abin da ya sa na damu shi ne, muna da abokai masu tsallake darasi su tafi fili, suna cewa ƙwallo za ta ci da su. To, ƙafa tana gajiya tun mutum yana da sauran ƙarfinsa, wani ma rauni ɗaya ke gama shi. Mai son zama koci kuwa sai ya yi kwas ya sami takardar shaida, kamar yadda ake yi a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Wanda ya gudu daga aji, da me zai rubuta jarrabawar?

Iyayenmu, don Allah kada ku hana mu ƙwallo, amma ku riƙa duba littattafanmu. Ni dai na koma wajen malam na roƙe shi ya nuna mini yadda ake koyarwa, na kuma bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Bakwai sun dawo, saura biyu. Allah ya sa mu dace, amin.