Asalin Kalmomi: Shekarar Da Ba Ta Da Shugaba

Masu karatu, a wannan wata za mu duba wata kalma da mukan ji cikin labarun duniya sa'ad da gwamnati ta rushe a wata ƙasa, kowa ya shiga yin abin da ya ga dama. Turawa suna ce da wannan hali anaki. Mu kuwa mukan ce zaman kara zube.

Kalmar ba ta Turanci ba ce tun asali. An aro ta daga Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Helenawa suna cewa anarkiya. Gaɓa biyu ce: an, wato babu, da arkos, wato shugaba. In an haɗa su, rashin shugaba ke nan.

Amma bari mu ga yadda masu kalmar suka yi amfani da ita. A Atina, babban birnin Helenawa, kowace shekara akan naɗa wani shugaba da ake kira arkon. Da sunansa ake kiran shekarar, kamar yadda tsofaffinmu sukan ce an haifi wane a zamanin sarki wane.

A shekara ta 404 kafin haihuwar Almasihu, birnin Sifarta ya ci Atina bayan shekara 27 ana yaƙi. Aka ɗora mutum 30 bisa mulki. Cikin kamar wata 8 suka kashe mutane wajen 1,500, suka ƙwace dukiyar jama'a. An naɗa arkon a shekarar, sunansa Fitodoras. Amma daga baya mutanen Atina suka ƙi kiran shekarar da sunansa, gama ba bisa doka aka naɗa shi ba. Suka ce da ita anarkiya.

Kun ji fa! Masu mulki har 30, duk da haka aka ce ba shugaba. Ashe a ganinsu, inda doka ba ta kāre talaka, mulki ya riga ya faɗi, ko da fāda cike take da mutane. Abin da ya saura zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami.

Mu iyaye, sai mu auna gidajenmu da wannan mudu. Tsawa da bulala ba su ne shugabanci ba. Dokar da muka kafa wa yara, mu ma muna binta? Ƙaramin cikinsu yana samun gaskiyarsa in ya kawo ƙara?