A Tsayar da Binciken Takardu Kafin Ƙofar Likita

Duk mazaunin Arlit ya san motocin da ke shigowa daga Assamaka. Aljeriya ce ke kwaso mutane ta zube su a bakin iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga ruwan sha. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da 30,000 a 2024 kaɗai. Wasu kan shiga sansanin OIM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, su jira a mai da su gida. Saura sai su bazu cikin gari, dako da bugun bulo, suna tara kuɗin mota. Akwai mai juna biyu, akwai mai tari, kuma da yawa an raba su da takardunsu tun a hanya.

A Janairun 2025 gwamnatin Nijar ta fito da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi. Ba ni da ja, ƙasa na da ikon sanin wanda ke cikinta. Roƙona shi ne binciken ya tsaya a iyaka da shingayen hanya, kada ya biyo mace har ɗakin awo.

Mun ga aikin tsoro. Da aka kafa dokar 2015 mai hana jigilar 'yan ci-rani, direbobi suka ƙaurace wa hanyoyin da ke da rijiyoyi, matafiya suka lafe cikin gidaje, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Wanda ke ɓuyar wa ɗan sanda, in ya zaci bakinsu ɗaya da malamin asibiti, shi ma zai ɓuyar masa. Sai ya sayi ƙwaya a tebur, ya koma ɗakin da ake kwana a cunkushe. Daga nan tarin fuka da ƙyanda kasuwa za su nufa, su zarce makarantun 'ya'yanmu.

Mu kanmu fa, uranium ne ya tara iyayenmu a nan, daga Tawa, daga Maraɗi, daga ko'ina. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewa da garin nan a 2013, yawancinsu mata da yara, 'yan Kance ne masu neman Aljeriya. Wasu danginsu na Tamanrasset, can Aljeriya, yau ba takarda, kuma in naƙuda ta kama ɗayarsu, muna fatan a karɓe ta ba tambaya.

Don haka ina kira ga ministan lafiya ya ba da umarni a rubuce: ma'aikaci ya tambayi suna da shekaru da inda ke ciwo, littafin rajista ya tsaya a hannun likita. A liƙa takardar a ƙofar kowace likita ta Arlit da Akokan da Assamaka, a kuma karanta ta a rediyo da Hausa da Tamashek da Faransanci da Ingilishi.