Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiya Na Ƙasar Zuru

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ku gafarce ni, yaro ne ke magana a gaban manya. Kun fi ni sanin golmo. A golmo, saurayin Dakarkari ba ya noman gonar surukinsa shi kaɗai, abokansa ne ke ɗaukar garma su bi shi shekara da shekaru, alhali ba su za a ba matar ba. Shi kuwa jagoransu, yana cikin kunyar gona tare da su, gumi ɗaya suke yi. Duk lokacin da aka karanta mana yadda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har ya kira su abokansa, gonar nan nake tunawa.

To yanzu fa? Ranar Lahadi kujerar gaba ta mai babbar riga ce. Gwauruwar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko/Wasagu ko Sakaba tana can bakin ƙofa da goyo, ba wanda ya tambayi sunanta. Na ga wani dattijon ikilisiya yana amsa gaisuwa ta tagar mota, gilashin ma rabi ya sauke. Ba duka ba ne, na sani. Akwai fastocin ƙauye da ke raba tuwonsu da 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi.

Roƙona ke nan: bayan sujada ku sauko ku zauna a tabarma tare da mu, ku je inda aka sauke waɗannan bayin Allah da ƙafarku, kada ku aika wakili.

Naku cikin Almasihu,
wani ɗan ikilisiya, Zuru, Jihar Kebbi