Ido Ne Mitar Mai Hoto

Yau littafi zan ajiye gefe, in yi magana a kan hoto.

Ra'ayina shi ne, masu hoton da suka zagaya ƙauyukan Tofa a kan keke, da Yashica ko Zenit a wuya, sun fi yaran yanzu sanin haske. Da yawansu ba su da na'urar auna haske, ko kuwa batirinta ya mutu tun tuni. Fim ɗin hoto 36 ne kacal, kuma sai an kai Kano an wanke kafin a san abin da ya fito. In hoton amarya ya lalace, ba za a sake ɗaura aure don kai ba.

To yaya suke yi? Sama suke kallo, sai inuwa. Ƙa'idar tsohuwa ce, har a cikin kwalin fim ana buga ta. In fim ɗinka mai lamba 100 ne, ka sa saurin ƙyaftawa a 125. Rana tsaka a bazara, inuwa baƙa wuluk, ƙofar haske 16. Hazon hunturu ya dusashe inuwa, 11. Hadarin damina ya rufe rana, 8 ko 5.6. Ƙarƙashin darbejiya kuwa, 4. Kowane mataki ninka haske yake yi.

Ga inda ido ya fi na'ura. Ita mita an gina ta ne ta ɗauki duk abin da ta gani a matsayin ruwan toka. Ranar Sallah ka tsayar da dattijo cikin farar shadda a rana, sai farin ya ruɗe ta, ta rage haske. Riga ta fito fes, fuska ta zama gawayi! Mai hoto ya san fatarmu, sai ya ƙara buɗe ƙofar mataki ɗaya, don fim ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa.

Na yarda, a cikin soro ko bayan magariba ido na yaudara, can kam mita ta fi. Amma yawancin hotunanmu a fili ake ɗauka. Ko da wayar hannu ce, ka taɓa fuskar mutum a gilashi, ka ja hasken sama kaɗan, ko ka kai shi inuwar bango kafin ka danna.