Kada a sauke inji kafin a duba buji

Tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, sau da yawa za ka ga mota ɗauke da kaya tana fizga, tana tari, ɗan tudu ya gagare ta. Da an kai ta gareji, sai wani bakanike ya ce a sauke inji. A ganinmu, wannan gaggawa tana cinye jarin ɗan kasuwa.

Abu huɗu inji yake buƙata: mai, iska, wuta da matsi. Gyaran ukun farko ya fi arha, don haka daga nan ya kamata a fara. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti, ya toshe filtar mai. Ƙurar hunturu takan cika filtar iska, sai baƙin hayaƙi da shan mai. Buji ɗaya in ya mutu a inji mai silinda 4, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ya tafi.

Sai in hayaƙi ya yi shuɗi, baƙin mai yana raguwa, aka auna matsi aka ga ya faɗi, sannan a yi maganar buɗe inji.

Ƴan kasuwa, ku tsaya a gwada a gabanku, ku karɓi tsohon kayan da aka cire. Kada kuma ku jira motar ta tsaya a daji. Kuɗin buji huɗu bai kai asarar ranar kasuwa ɗaya ba.