Harobanda: kowa na son zama a buro, wa zai gyara na'urorin?

Yau maganar ta ƙetaren gulbi ce. Duk wanda ya hau gadar Kennedy da safe ya ga yadda ɗalibai ke kwarara zuwa Harobanda. A nan Jami'ar Abdou Moumouni take, a nan makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu take, ga cibiyar AGRHYMET tun 1974. Ilimi dai ba mu rasa shi ba. Abin da muka rasa shi ne girmama mai aikin hannu.

Yaro ya samu BAC ya ce zai koyi gyaran kwamfuta da haɗa layin intanet na makarantu, ko yana so ya zama malamin koyar da sana'a, sai ka ji uba ya ce: "Duk wahalar da na sha, a nan za ka ƙare?" Haba Alhaji! To wa kake so ya yi?

Ku duba ƙasar da muke ciki. Ƙurar hunturu tana toshe na'ura, zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya. Ɗakin kwamfuta da ba shi da ma'aikaci mai kula da shi kullum, bayan an yi bukin buɗewa an ɗauki hoto, ba ya daɗewa sai ya koma sito.

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, masanin kimiyya ne babba. Amma a ONERSOL aikinsa shi ne ƙera na'urorin da ke amfani da zafin rana, irin na dafa ruwa da girki. Bai ga wannan a matsayin ƙasƙanci ba. Mu ne muka fi shi?

Don haka muna kira ga mahukunta: duk kasafin sayen na'urori a sa albashin mai kula da su a ciki, da matsayi da ƙarin girma kamar kowane ma'aikaci. Malamin sana'a kuma kada a bar shi cikin kwantaragi shekara da shekaru, in ba haka ba kamfani zai ɗauke shi, ɗalibai su koyi walda a kan allo.

Iyaye, ku bar yaranku su shiga wannan fanni. Allah ya sa mu gane.