Ra'ayinmu: Ƙiba Da Ciwon Sukari A Yola Da Jimeta

Tun da daɗewa jama'armu suna ɗaukar ƙiba alamar hutu ce. In magidanci ya ajiye tumbi a ce ya samu, in amarya ta yi ɓulɓul a ce miji ya iya kiwo. Shi ya sa har yau ake sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe a garuruwanmu, har da Yola da Jimeta, alhali kuwa waɗansunsu suna ɗauke da maganin da kan tayar da sukarin jini. Ƙibar nan da ake nema da kuɗi tana kan gaba wajen jawo ciwon sukari nau'i na 2, watau wanda ya fi kama manya.

A 2017 likitocin jami'o'in Newcastle da Glasgow a Birtaniya suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan mutum kusan 300 waɗanda ba su wuce shekara 6 da gano ciwon ba. Aka tsuke wa rabinsu abinci ƙwarai har wata 3 zuwa 5. Bayan shekara guda, 46 cikin 100 na waɗannan sukarinsu ya daidaita ba tare da shan magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, 86 cikin 100 ne. Ba warkewa ce ta har abada ba, domin a shekara ta biyu adadin ya sauko 36. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne ga ciwon da kan ci ƙafa da ido da ƙoda.

Sai kuma allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ana yi sau ɗaya a mako. Binciken 2021 ya nuna tana rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki, amma waɗanda suka daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo cikin shekara. Kuɗinta na wata ya fi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Tana kuma bukatar firji, ga shi kowa ya san zafin Yola a watan Afrilu da halin wutar lantarki. A 2024 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin an ga jabunta a Brazil da Birtaniya da Amurka. Kada wanda ya saye ta sai da takardar likita.

Mu a ganinmu binciken farko ya fi shafar talakan Adamawa, amma an yi shi ne a kan Turawa, da abincin gwaji irin nasu. Lalle ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ya gwada shi da tuwon masara da kunun gyaɗa da kindirmo da kifin Binuwai, ya gaya wa mutane ludayi nawa, malmala nawa. Ya kuma duba ramammu, don a nan Afirka ana samun masu ciwon da yawa da ba su taɓa ƙiba ba, kuma bai kamata a ce musu su rage ci ba.

Muna kira ga Gwamnatin Jiha ta wadata ƙananan asibitoci da abin awon sukari, Hukumar NAFDAC kuma ta leƙa shagunan magani na Jimeta ta kwashe sha-ka-fashe.